Tsayawar Dillalin Gidaje da Filaye Wuri Guda: Musabbabinta da Hanyar Wuce Ta

A cikin sana'ar dillancin gidaje da filaye akwai wani mataki da yawancin masu yin ta suke kaiwa bayan wasu shekaru, inda mutum ya riga ya yi suna a yankinsa, ya san masu unguwanni da magina da masu awo, wayarsa ba ta rabuwa da kira, amma abin da ya samu bana bai wuce na bara ba, na bara kuma bai wuce na bara waccan ba. Dillalan Kano da Kaduna da Zariya sukan fassara wannan hali da cewa kasuwa ce ta mutu, ko kuma 'yan kayi-nayi sun cika harkar, wato mutanen da ba su da gida ko fili a hannunsu, ba su kuma da mai saye, sai dai su raɓu da cinikin wani domin a gutsura musu wani abu. Duka bayanan biyu suna da ƙamshin gaskiya, sai dai ba su isa su bayyana dalilin da ya sa a cikin kasuwa guda wani dillalin yake buɗe ofis ya ɗauki yara, wani kuma yana nan a kan bencin da ya fara zama shekara goma da suka wuce ba. Tsayawar kuma ta fi muni fiye da yadda take a ido, domin a lokacin da hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar 2024, wanda kuɗin shigarsa bai motsa ba ya koma baya ne ƙwarai, ko da lissafin da ke cikin littafinsa bai nuna masa haka ba.

Ana fahimtar matsalar ne idan aka dubi yadda ladan dillali yake zuwa. Abin da ake biyansa shi ne la'ada, wato wani kaso na kuɗin ciniki, wanda a wurare da yawa al'ada ta tsayar da shi a kan kashi 5 cikin 100 idan sayarwa ce, da kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara idan haya ce. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan sana'a da sunan samsara, Imamu Buhari ma ya ware babi a kan ladan dillali a cikin littafinsa, kuma galibin cinikin da ake yi ta wannan hanya yana shiga ƙarƙashin abin da ake kira ju'ala, wato lada da ba ya wajaba sai an kammala aikin da aka yi alkawari a kansa. Ma'anar wannan a aikace ita ce dillalin da ya yi wata uku yana kai mai saye daga Rijiyar Zaki zuwa Ɗanbare zuwa Mariri, yana ƙona man babur ɗinsa, ba shi da haƙƙin ko sisi idan a ƙarshe mai gida ya ce albarka aka watse. Idan kuma ciniki ya faɗa, da wuya la'adar ta zama tasa shi kaɗai. A ɗauki misalin gidan naira miliyan 40: la'adarsa miliyan 2 ce, adadin da kan sa na waje ya ɗauka dillalai suna cikin daula, amma idan mutum shida ne suka haɗa sarƙar tsakanin mai gida da mai saye, kowa zai tashi da abin da bai kai dubu 340 ba, kuma mai yiwuwa ne ya yi wata biyu bai sake ganin irinsa ba.

Tushen tsayawar yana cikin irin hajar da dillalin ya saba sayarwa. A shekarunsa na farko abin da yake da shi wanda wasu ba su da shi labari ne: ya san wane ne kuɗi ya matse shi yana son rabuwa da fulotinsa kafin a rufe biyan kujerar Makka, ya san wane ɗan kasuwar hatsi ne ya sayar da ajiyarsa yana neman inda zai sa kuɗin. Wannan haja tana da iyaka guda biyu. Ta farko ita ce ba ta wuce inda ƙafar mutum da sanayyarsa suka kai, kuma sanayyar mutum takan ƙare, domin abokan da suka tashi tare da shi sukan sayi filayensu su yi gini a cikin wasu 'yan shekaru, daga nan sai buƙatarsu ta yanke. Ta biyu ita ce wayar hannu ta karya darajar labarin kansa. Hoton gida guda yakan zagaya rukunonin WhatsApp da shafukan Facebook a yini ɗaya, kowane mai turawa yana ɗora nasa a kan farashin, har ya dawo wurin mai gidan da kuɗin da bai taɓa ambata ba. Daga nan ne koken da ya fi yawa a bakin dillalai yake fitowa, cewa an zagaye su, wato mai saye ya ga gida ta hannunsu sannan ya koma da daddare ya daidaita da mai shi. Wanda hajarsa labari ce kawai ba shi da maganin wannan, tunda da zarar ya nuna ƙofa ya gama bayar da duk abin da yake da shi.

Tarihin kasuwancin Hausawa yana da darasi a kan wannan. Abner Cohen, masanin zamantakewa da ya yi nazarin unguwar Sabo da ke Ibadan ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya nuna bambancin da ke tsakanin dillali da maigida a cinikin shanu da goro. Dillali yana haɗa mai sayarwa da mai saye ya karɓi la'ada. Maigida kuwa shi ne yake saukar da fataken da suka zo daga Arewa, ya ajiye musu kuɗi, kuma mafi muhimmanci ya tsaya musu lamuni, wato ya ɗauki nauyin cewa mahaucin da ya karɓi sa bashi zai biya, idan kuma bai biya ba shi ne zai cika. Dukiya da girma suna wajen maigida, dillalai kuwa yaransa ne, kuma abin da ya ɗaga shi sama da su shi ne ya san halin kowane mahauci sani na haƙiƙa, har yana iya sa sunansa da aljihunsa a kan wannan sani. A harkar gidaje ta yau ba a neman dillali ya biya bashin wani, amma akwai wani lamunin da kasuwar take matuƙar ƙishirwarsa, shi ne tabbacin cewa abin da aka saya ba zai zama shari'a ko ɓaraguzai ba.

Tsoron mai saye yana da tushe a cikin doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, tsarin da ba baƙo ba ne a Arewa tun daga dokokin Turawa na 1910 da dokar Jihar Arewa ta 1962. Abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, wanda ake ba shi shahadar mallaka a kansa, galibi na shekara 99 idan gidan zama ne, kuma sayar da wannan haƙƙi ko jinginar da shi a cikin birni yana buƙatar amincewar gwamna, kamar yadda Kotun Ƙoli ta jaddada a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. A gefe guda kuma, babban ɓangare na unguwannin da suka kewaye Kano a ƙananan hukumomin Kumbotso da Ungogo da Gezawa an kafa su ne a kan awon igiya, wato gonar da mai ita ya yanka fuloti-fuloti ba tare da tsarin hukumar raya birni ba, aka sayar da takardar hannu da shaidu da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Miliyoyin mutane suna zaune lafiya a irin waɗannan gidaje, kuma ba daidai ba ne a ɗauke su duka a matsayin haramtattu, amma a cikinsu ne ake samun fuloti guda da takardun saye uku, da layin da aka cinye har mota ba ta shiga, da gidan da aka gina a ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a watan Yunin 2023 a filin Idi da harabar tsohon otal ɗin Daula ya ƙara wa masu kuɗi wani tsoron, domin ya nuna cewa takardar da wata gwamnati ta bayar ba lalle ne ta tsira a hannun wadda ta gaje ta ba idan asalin filin na jama'a ne.

Gidajen gado suna da nasu sarƙaƙiyar, kuma a nan ne dillalin da ya san fiƙihu yake yi wa takwarorinsa nisa. Gidan da ba a raba ba mallakar magada ne gaba ɗaya, don haka sa hannun babban wa bai wadatar ba idan akwai ƙanwa da take aure a wani gari ko marayan da ba a naɗa musu wasiyyi ba. Akwai kuma shuf'a, wato haƙƙin da abokin tarayya yake da shi na karɓe kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare ta hanyar biyan kuɗin da baren ya biya. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa suke aiki da ita, wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a dukiyar da ba a raba ba, ba na maƙwabci ba, kuma wanda yake nan ya san da cinikin ya yi shiru har kimanin shekara ya rasa shi. Mai sayen da bai san wannan ba yana iya fara gyara, ya zuba siminti da tayil, sannan sammaci ya iske shi.

Hanyar farko ta wuce matakin tsayawa, kuma wadda sauran suke dogara a kanta, ita ce dillali ya mayar da bincike ya zama hajarsa. A aikace wannan yana nufin kafin ya tallata fili ya kai lambar takardarsa hukumar da ke riƙe da bayanan filaye, AGIS a Abuja ko KADGIS a Kaduna ko KANGIS a Kano, a duba sunan wanda ke kanta da ko an jinginar da ita a banki. Ya kai mai awo ya nemo duwatsun iyaka ya gwada su da abin da ke cikin zane. Ya zauna da mai unguwa da maƙwabta na gabas da yamma ya ji ta hannun wa filin ya bi kafin ya zo ga mai shi na yanzu. Wani sanin ma ba ya cikin kowace takarda. Filin da yake shimfiɗe tsaf a watan Fabrairu yana iya zama tsohon kududdufi da aka cike da bola, kuma wanda ya je wurin a watan Agusta, ya ga inda ruwa ya yi wa katangar maƙwabci zane har gwiwa, ya ɗauki hoto ya ajiye, yana riƙe da abin da ba a samu a rukunin WhatsApp. Idan duk wannan ya taru a cikin fayil guda da ake miƙa wa mai saye, zagaye dillalin ya zama hasara ga mai zagayen, kuma yana yiwuwa a yanka wa binciken kuɗinsa daban, a biya ko ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba, wanda hakan ya fitar da wani ɓangare na aikin daga ju'ala zuwa ijara, wato aikin da ake biya a kan yin sa. Akwai iyakar da ya kamata a kiyaye, domin doka ta keɓe ƙiyasta darajar kadara a hukumance ga masu rajista da hukumar ESVARBON da aka kafa a 1975, ta kuma keɓe rubuta takardun cinikin ƙasa don lada ga lauyoyi, saboda haka dillali mai hankali yana ƙulla hulɗa ta dindindin da lauya guda da mai ƙiyasi guda maimakon ya yi shigar burtu a cikin aikinsu.

Wannan hanya tana da tsada, kuma masu ba da shawara sukan tsallake faɗin haka. Dillalin da ya fara bincike zai riƙa gano aibin da a da yake wucewa ta gefensa, kuma dole ya ƙi wasu cinikayya da takwarorinsa za su karɓa da hannu biyu, ta yadda kuɗin shigarsa zai iya raguwa kafin ya ƙaru. Dole kuma ya rabu da ɗori, wato ƙara kuɗi a ɓoye a kan farashin da mai kaya ya faɗa, da najashi, wato sa wani ya taya da tsada ba da niyyar saye ba sai don a zuga mai saye na gaske, abin da hadisi ya hana ƙarara. Ɗori yakan kawo kuɗi mai kauri a rana guda, amma mai gida da mai saye sukan haɗu daga baya a masallaci ko wurin ɗaurin aure, kuma ranar da suka gwada lissafi dillalin ya yi asarar gidaje biyu da duk danginsu.

Hanya ta biyu ta shafi yanayin shigowar kuɗin. Cinikin saye da sayarwa yana da kaka da rani, yana kuma tsayawa cak idan wani abu ya girgiza tattalin arziki, kamar yadda aka gani a ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Haya kuwa ba ta tsayawa, tunda mutane ba sa daina kwana. Dillalin da ya karɓi riƙon gidaje 30 da ake biyan naira dubu 600 a kan kowanne, idan yarjejeniyarsa kashi 10 ce, yana da miliyan 1 da dubu 800 a shekara da ya san lokacin zuwansu, kuma da wannan ne ake biyan hayar ofis da albashin yaro. Aikin ba shi da daɗi: ya ƙunshi bin ɗan haya da ya ce a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata, da kiran mai yashe masai, da raba gardamar kuɗin wuta tsakanin mutanen gida, da sanin wa'adin da doka ta tanada kafin a tashi mutum. Amma mai riƙon gida shi ne na farko da zai ji ranar da mai shi ya yi niyyar sayarwa, ɗan hayan da aka yi wa adalci kuma shi ne mai sayen fuloti na shekaru masu zuwa. Sharaɗin da ba a sassauta shi a nan shi ne kuɗin haya ya kasance a asusu daban, domin dillalai da yawa sun faɗi ne ta hanyar juya kuɗin mai gida da niyyar mayarwa kafin ya tambaya.

Wanda ya mallaki waɗannan biyun, wato bincike da riƙon gidaje, yana iya isa ga masu sayen da a da ba sa kallonsa. Akwai mutanen da kuɗinsu yake nesa da filin da suke so, kamar 'yan kasuwar da ke Legas da Fatakwal, da ma'aikatan Abuja, da mazauna Saudiyya, waɗanda galibi sun taɓa aiko wa ɗan'uwa kuɗin gini suka dawo suka tarar da kango, don haka abin da suke nema shi ne wanda zai aiko musu da rasit da hoto ba tare da sun roƙa ba. Akwai iyalan da rashin tsaro ya taso daga Zamfara da Katsina da Borno zuwa manyan birane, waɗanda ba su san unguwa mai ruwa da marar ruwa ba. Akwai kuma mata, waɗanda gado yake mallaka musu gidaje da filaye masu yawa amma dillali namiji ba ya shiga inda suke. Haɗa hannu da dillaliya mai shiga gidaje, a kan kaso bayananne, ƙofa ce da kaɗan ne suka ƙwanƙwasa. Ƙungiyoyin adashin ma'aikata da masu neman rance daga Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, ko daga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ba sa karɓar takardar hannu, kuma ba sa hulɗa da wanda ba shi da rajistar kasuwanci da asusun banki. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ma ta sa dillalan gidaje cikin waɗanda ake buƙatar su yi rajista da sashen SCUML, ta kuma hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, abin da ya sa tsohuwar al'adar ƙirga kuɗin gida a cikin buhu a zauren mai unguwa ta zama haɗari ga duk wanda ya halarta.

Hanyar da ta fi jan hankalin dillalai, wato sayen gona a bakin gari a yanka ta a sayar, ita ce ta fi cancantar a yi taka-tsantsan da ita. Ribarta tana iya ninka la'adar shekaru, amma sana'a ce daban mai buƙatar jari da zai iya kwanciya shekara biyu ko uku, da amincewar hukumar tsara birni irin KNUPDA, da haƙurin barin hanya mai faɗi da filin masallaci da makaranta alhali kowane taku kuɗi ne. Tana kuma jefa mutum cikin wani hali mai wuya, domin wanda yake da fulotan kansa guda hamsin da ke jiran mai saye ba zai iya ba wa abokin hulɗarsa shawara da zuciya ɗaya ba, kuma mai saye yana gane hakan ko bai furta ba. Waɗanda suka yi nasara a cikinta galibi sun shiga ne da kuɗin da riƙon haya ya tara musu, ba da kafin alƙalamin da suka karɓa daga hannun jama'a ba.

Saura batun yara. Awannin yini ba sa ƙaruwa, don haka dillalin da yake son ya nuna kowane gida da kansa ya riga ya yanke wa kansa iyakar da ba zai wuce ba. Abin da ke hana yawancinsu sakin aiki shi ne tsoron kada yaron ya koyi hanya ya tafi da mutanensu, kuma tsoron ba na banza ba ne a inda hajar labari ce kawai, tunda lambar waya tana bin wanda ya riƙe ta. A inda aka tara fayilolin bincike na shekaru, da yarjejeniyoyin riƙon gidaje da sunan ofis, da lauya da mai awo da suka saba da wurin, yaron da ya fita yana fita ne da ƙafarsa da wayarsa kaɗai. Irin wannan ofis yana iya rubuta wa yaransa kaso tsayayye a kan kowane ciniki, ya ware wanda zai riƙa zuwa ma'aikatar filaye da wanda zai riƙa karɓar haya, shi kuma maigidan ya keɓe lokacinsa ga zaman sulhu da magada da ganawa da masu manyan kadarori, aikin da yake buƙatar furfura da sanin mutane, wanda ba a iya aika yaro ya yi shi.